Muryar Auta Ba Ta Fita

Yaya Injiniya,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da injinanka da sauron can. Mu nan lafiya lau, sai Baba da jikin yake yadda aka gaya maka. Hannun dama bai dawo ba, ƙafar tana ɗan motsi, magana tana fita amma sai ka kai kunne kusa. Yana cin abinci sosai. Ya tambaye ka, na ce kana can wajen aikin madatsar ruwa inda waya ba ta shiga, ya ce dama kai ba mutumin gari ba ne, halin 'yar'uwarsa, mahaifiyarka, ka ɗauko. Ya ce tun suna yara a gidan kakansu haka take.

Na san ba za ka yarda gaisuwa ce kaɗai ta sa na nemi direban motar kayanku ba, kuma ka yi gaskiya. Kwamfutar Auta ce. Shi ya haɗa ta da hannunsa, ya sayi kayan ɗaya bayan ɗaya, akwatin mai gilashi a gefe, fitilu suna ta canza launi kamar shagon aski. Da yamma idan ya dawo daga shagon buga takardu sai ya rufe ƙofa, ya kifa abin kunne mai makirifo, ya shiga wasan harbe-harbe da abokansa na wasu garuruwa. Shi yana jin su sarai. Su kuwa sun ce muryarsa kamar daga cikin rijiya take fitowa. To sai ya ɗaga murya. Ba ɗaga murya ba ma, Yaya, ihu ne. "Ga shi nan a bayanka! Ku jira ni!" Har mai shagon da ke ƙasa da mu ya taɓa hawowa da sanda.

Gadon Baba yana jikin bangon da ya raba ɗakinsa da na Auta ne, kuma likita ya ce bayan maganin rana a bar shi ya yi barci. Ba ya yi. Jiya raina ya ɓaci na ce wa Auta ko ihun ya ƙare ko kwamfutar ta bar gidan. Ya dube ni ya ce to, ita da mai ita tare za su fita. Akwai abokinsa da ya daɗe yana kiran sa ya koma garinsu su yi aiki tare.

Ba na jin labarin ya iso maka cikakke, tunda kai sai biki ko rasuwa ake ganin ƙeyarka. Auta ya ajiye aikin ofis ɗin da Baba ya zubar da girmansa ya roƙar masa. Baba ya ce a gaban baƙi kada ya ƙara jin bakinsa a gidan nan. Auta ya riƙe maganar kamar umarnin kotu, ciwon ya zo ya same su a haka. Shi ke ɗaga Baba, shi ke kai shi banɗaki, shi ke yi masa aski, amma ko sannu ba ta haɗa su. Idan ya tafi ni ba zan iya ɗaga Baba ba. Wannan mai sauƙi ne, ana iya ɗaukar mutum. Abin da ke tsorata ni shi ne Baba ya rasu suna haka.

Ka gaya mini yadda za a sa abin nan ya ji maganar mutum ba tare da ihu ba.

Ƙanwarka,
Malama

*

Malama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da ɗan baƙin mai a gefe, amma ta karantu, duk da rubutunki ya fi na likita muni. Ban san me kike koya wa 'ya'yan mutane ba. Ina lafiya. Bayana ne yake ɗan ciwo saboda kujerar ɗakin na'urori. Ki gaishe da Kawu, Allah ya ƙara sauƙi.

Makirifo mai ƙaramar murya ba wani ciwo ba ne. Auta ya shiga saitin sauti, wajen da ake nuna abin ɗaukar murya, ya duba ma'aunin ƙarar. Sau da yawa a rabi yake zaune ba wanda ya kula. Ya ja shi zuwa ƙarshe. A ƙarƙashinsa akwai wani ma'aunin na ƙarin ƙarfi, ya ɗaga shi kaɗan, ba duka ba, in ba haka ba zai cika kunnen mutane da ƙara. Idan bai yi ba, ya zare wayar daga kafar gaban akwati ya soka a ta baya. Masu haɗa kwamfuta a gida sukan bar igiyar da ke kai sautin gaba sako-sako, don wurin a matse yake, hannu ba ya shiga. Idan wannan ma bai yi ba, ya aro abin kunnen wani ya gwada. Ki rubuto mini abin da kowane gwaji ya ba da, yadda ya faru, ba yadda kike ganin ya kamata ya faru ba.

Shi kuma yaron, ban ga abin lallashi ba. Ubanka yana kwance a bayan bango ba ya samun barci, kai kana harbin mutanen ƙarya a allo kana ihu? Ni da zan bi ta tawa, filogi zan zare in miƙa masa tsintsiya. Na san shi tun yana yawo ba wando, kun sangarta shi ne kawai. Maganar tafiya kuwa barazana ce, ba inda za shi.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Baba yana nan yadda yake, ya amsa gaisuwarka. Ka samu matashi ka riƙa sa wa bayan nan.

Ka jawo mini. Ni ban gane ma'aunin sama da na ƙasa ba, sai na miƙa wa Auta takardar ya karanta da kansa, na manta da abin da ka sa a ƙarshe. Yaron da kake faɗa, Yaya, gemunsa ya fi naka, har furfura na gani a ciki. Ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya ninke ta, ya ba ni. Ya zauna ya yi duk abin da ka ce. Da ya gama ya sauka wajen mai shago ya karɓo kwalaye. Yanzu haka suna jingine a bayan ƙofarsa, ya riga ya cika ɗaya da littattafai.

Ga sakamakon, tunda shi kake so. Ma'aunin ƙarar dama a ƙarshe yake. Da ya ɗaga na ƙarin ƙarfin, abokan suka ce muryar tana nan can nesa, sai dai yanzu an ƙara mata shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Ya soka ta baya, haka. Ya buɗe akwatin ya danna igiyar da ka ce, a zaune take daram. Ya aro abin kunnen wani abokin aikinsa, sabo fil, shi ma haka, ba ragi ba ƙari.

Ihun yana nan. Shekaranjiya na leƙa Baba a daidai lokacin. Idonsa a buɗe, ya juya fuska ga bango, bakinsa yana motsi. Da ya ga inuwata sai ya yi shiru ya rufe ido. Ban sani ba ko addu'a yake yi ko baki yake yi wa Auta. Na fi tsoron na biyun.

Don Allah wannan karon ka tsaya a kan na'ura. Tarbiyyar ka bar mana.

Malama

*

Yaya,

Direba ya zo ya koma ba takarda. Na tare shi, ya ce bai ma kai wajenku ba, ban yarda ba. In fushi ka yi don na ce ka bar mana tarbiyya, to ka yi haƙuri, amma ba yanzu ne lokacin ba. Auta ya yi waya da abokin nan nasa a gabana, ina ji yana tambayar girman ɗaki da ko akwai soket kusa da taga. Ba barazana ba ce.

Baba lafiya, ba canji.

Malama

*

Malama,

Takardunki biyu tare suka iso. Ruwa ne ya cinye hanya, motar ta juya daga rabi, direban bai yi miki ƙarya ba. Ni ba na fushi da takarda. Baya ya yi sauƙi. A gaida Kawu.

Akwai layi ɗaya a takardarki da ya fi sauran amfani, shi ne na abin kunnen aro. Makirifo biyu daban, kafa biyu daban, murya iri ɗaya ba ragi ba ƙari. Haka ba ya faruwa. Ko sabon ya fi tsohon ko ya gaza shi, dole a ji bambanci. In ba a ji ba, to kwamfutar ba ta sauraron ko ɗaya daga cikinsu. Da wani kunnen take ji, mu kuma muna ta gyara wanda ba ya aiki.

Ga gwaji. Ya buɗe manhajar naɗar murya ya bar ta tana naɗa yana wasansa yadda ya saba. Can a tsakiya ya ɗan karta makirifon bakinsa da farce. Idan shi ne ke aiki, ƙarar za ta cika naɗin kamar ana jan tebur. Idan ba a ji komai ba, ku bi kowace waya da ke fita daga bayan akwatin har ƙarshenta, ku ga me ke maƙale a can. Ki sa naɗin a memori ki haɗo da amsa, ina so in ji da kunnena.

Abin da na rubuta a kansa ban rubuta don ya karanta ba. A raina yana nan ɗan ƙarami, laifin rashin zuwa ne. Ki ce masa wanda ya haɗa kwamfuta da hannunsa ta kuma tashi ba yaro ba ne. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan.

Yayanki

*

Yaya Injiniya,

Yau da girmamawa na rubuta sunan. Muna lafiya, da fatan kai ma haka.

Ya karta makirifon, ba a ji komai ba. Muka bi wayoyi. Ni na riƙe tocila, shi ya kwanta a ƙasa ya shiga bayan tebur, sai ga shi ya fito da wata 'yar kyamara duk ƙura da yanar gizo. Ya saye ta tun farko don a riƙa ganin fuskarsa, ya ga ba ya son a gan shi, ya ture ta daga saman allo. Ta faɗa baya tana lilo a jikin wayarta, shi kuwa bai taɓa zare ta ba. Ashe tana da nata makirifon, kuma shi kwamfutar ta zaɓa. Inda take rataye ma abin dariya ne, daidai bakin hujin da ya yi a bango ya shigo da wayar intanet daga ɗakin Baba. Duk tsawon lokacin nan da bayan tebur yake magana.

Ya zare ta, ya zaɓi na bakinsa, ya sauke ƙarin ƙarfin nan. Abokan suka ce ya yi a hankali kada ya fasa musu kunne. Yanzu raɗa-raɗa yake yi suna ji. Wallahi ko a bakin ƙofarsa ka tsaya sai dai ka ji ƙarar madannai. Mai shago ya tambaye ni ko mun yi tafiya.

Na isar da saƙonka. Ya ce "to." Kwalayen suna nan bai kwashe ba, amma bai sake kiran abokin ba. Ni dai na samu sauƙi, na gode ƙwarai.

Ga memorin a naɗe cikin takarda, duk da ba sauran amfani. Ni ban saurara ba, na sha ihun da ya ishe ni.

Baba ya ɗan rage cin abinci kwanakin nan. Ina jin zafi ne.

Ƙanwarka

*

Malama,

Na ji daɗi abu ya gyaru. Ina lafiya.

Ni ba na mayar da abin da aka aiko mini ban duba ba, don haka na saurari naɗin. Na rage ƙarar fankar kwamfutar, na ɗaga sauran. Murya biyu ce a ciki. Ta Auta tana nesa, yadda abokansa suka ce. Ɗayar tana kusa da makirifon sosai, ta hujin take shigowa. Ba ta da ƙarfi, harshen yana ɗan ja, amma kowace kalma ta fita. Kawu ne.

Ga abin da na ji, yadda yake. Auta ya ce, "Ku jira ni!" Kawu ya ce, "Ku jira shi mana, haba." Auta ya ce, "An harbe ni, an harbe ni!" Kawu ya ce, "Subhanallahi. Tashi, tashi." Auta ya ce, "Ta ina zan bi?" Kawu ya ce, "Bi ta hagu, Auta." Ya faɗi haka a wurare da yawa, kullum hagu, ba na jin ya san me ake yi a wasan. Kusa da ƙarshe wani abu ya ba Auta dariya, Kawu ya taya shi har tari ya kama shi. Daga nan aka buɗe wata ƙofa, ya yi tsit. Ina jin ke ce.

Auta ba zai taɓa ji ba, kunnensa a rufe yake. Abokansa kuwa tilas sun daɗe suna ji, don a wajensu muryar Kawu ta fi tasa kusa.

Kin ce ba ya barci, na ɗauka an hana shi ne. Ke ma haka kika ɗauka. Ba na jin wani ya hana shi. Aikina in faɗi abin da na'ura ta ɗauka, na faɗa. Sauraron farko don aiki na yi. Sauran ba don aiki ba ne, kuma na ji kunyar maganar tsintsiya.

Na san abin da za ki tambaya. Mayar da kyamarar bayan tebur a ɓoye don ihun ya dawo abu ne mai sauƙi, kina iya yi ba tare da ni ba. Ba zan ba ki shawarar haka ba. Ga memorin na dawo da shi, na sa wanda na gyara a ciki. Na mai kwamfutar ne.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardarka ta same ni ina shirin rubuta maka cewa ba zafi ba ne. Tun da gidan ya yi shiru Baba ya daina taɓa abinci sai an matsa. Da yamma yakan kwanta fuska ga bango, ba motsi. Rannan ya riƙe mini hannu ya ce, "Ya tafi ne?" Na ce wa? Ai shi ya yi maka aski da safe. Sai ya sake ni.

Na karanta takardarka a kicin na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ni na sa a yi shirun, har ina yi maka godiya. Kuma ka canka, kyamarar na fara nema, har na ɗauko ta daga aljihun teburinsa. Na tsaya da ita a hannu na ga ban ma san wace kafa ake soka ta ba. Sai na mayar, na jira ya dawo, na miƙa masa memorin na ce in ji Injiniya.

Ya saurara da abin kunnensa, ya ba ni baya. Ban ga fuskarsa ba. Da ya gama ya rubuta wa abokan wasan yana tambaya. Suka ce ai sun ɗauka ya sani, sun zaci wani dattijo ne ke zama kusa da shi yana kallo. Har suna suka sa masa, Kyaftin. Duk sanda suka ce "gaida Kyaftin" shi ya ɗauka tsokanarsa suke yi don ba ya iya jagoranci. Ɗaya ya ce tun da aka gyara makirifo wasan ya rage daɗi.

Ranar bai yi wasa ba. Washegari ya dawo daga aiki, ya bar ƙofa a buɗe, ya rataye abin kunnen a wuya, ya kunna lasifika, ya janye tebur daga jikin bango. Ya dinga ihu kamar da, har ya fi, don yanzu da gangan ne kuma bai iya ba. Ba abin da ya fito daga hujin. Kashegari ma haka. Na ce a raina Baba ya gane an gano shi, kuma ka san shi da girman kai.

Jiya ina kicin na ji Auta ya ce, "Ta ina zan bi?" Ba da ihu ba. Ya sake faɗa, yana fuskantar bango. Harbi yana ta tashi a lasifika. Can sai na ji, ƙasa-ƙasa, "Hagu."

Ya bi hagu. Nan take aka harbe shi.

Ya ce, "Baba, ai ka sa an kashe ni!"

Ina tsaye da ludayi, miya tana ɗiga a ƙafata. Sai Baba ya ce, "Kai ne dai ba ka iya gudu ba."

Iyakar abin da suka faɗa ke nan. Da daddare Auta ya je ya ɗaga shi yadda ya saba, yau da safe ma haka. Amma Baba ya cinye abincinsa ya ce gishiri bai ji ba. Auta kuma ya zazzage kwali ɗaya a ƙasa yana neman sukundireba, ya faɗaɗa hujin har hannu yana shiga. Mai gidan haya zai ci mu, ba komai. Bai ce ya fasa tafiya ba, ni kuma ban tambaya ba.

Yanzu ga tambayarsa, shi ya ce in rubuta. Yana so makirifo biyu su yi aiki lokaci ɗaya, nasa da wani da zai ja ta hujin ya maƙala a jikin gadon Baba, don abokan su ji su duka. Wane iri ne ya fi ɗaukar murya mai rauni, kuma yaya ake haɗa su ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba? Ya ce ka rubuta masa kai tsaye, ban da nasiha.

Likita ya zo ɗazu. Ya duba, ya canza magani ɗaya, bai ce jikin ya yi sauƙi ba. A bakin ƙofa ya ce mini duk wanda ke son ganin sa ya zo. Don haka ka ba direba amsar a tafiyar nan, kada ka bari sai ta gaba.

Ƙanwarka,
Malama